Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Yaƙar Danƙon Itace da Laifez a Masana'antar Takarda

Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen injin takarda ya san danƙo. Yakan fara ne da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a fuskar takarda, kamar kashin ƙuda. Sannu a hankali sai ya taru a jikin rola, ya toshe idanun raga, ya manne a bargon da ke matse ruwa. Ana nan sai wata rana gudan ya ɓalle, ya faɗa kan takardar da ke gudu, ya huda ta, ta tsinke. A tsayar da inji, ma'aikata su ɗauko abin kankara da ruwan zafi, kowa fuska a murtuke.

Asalin abin daga bishiya yake. Itace ba zare kaɗai ba ne, akwai maiƙo da ƙaro da kaki a cikinsa, galibi kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin busasshen itace, wani irin ma ya wuce haka. A itacen fayin, wata bishiya mai ganye kamar allura, wanda ya fi fitina shi ne maiƙon da masana ke kira tiraigilisarid: gilisarin guda ɗaya riƙe da jela uku na asid ɗin maiƙo. Mu kira shi mai jela uku. Ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, shi ya sa ɗigonsa ke neman junansu su dunƙule. Laifez kuwa enzayim ne, wato wani furotin da aikinsa yanke waɗannan jeloli. Irinsa ne ke narka mana maiƙo a hanji.

A Japan aka fara amfani da shi a masana'antar takarda, wajen shekarar 1990, a kamfanin Jujo Paper, wanda daga baya a 1993 ya haɗe da wani kamfanin suka zama Nippon Paper Industries. Suna niƙa jan fayin na ƙasarsu don yin takardar jarida, danƙo ya dame su. Kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya fitar da laifez mai suna Resinase saboda wannan aiki. Tun daga nan dabarar ta bazu, kurakuranta ma suka bi ta.

Babban kuskure, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne zaton laifez yana cire maiƙo daga ƙullun itace, wato zaren itace cikin ruwa da ake yin takarda da shi. Ba ya cire komai. Sauya masa kama yake yi. Idan ya yanke jelolin, gilisarin ya narke ya bi ruwa, amma jelolin nan uku suna nan cikin ƙullu a matsayin asid ɗin maiƙo. Sun fi uwarsu sauƙin sha'ani, ba su da manne kamarta, kuma ana iya kama su. Amma sai an kama su ɗin. Wanda ya zuba laifez ya naɗe hannu ya yi rabin aiki ne kawai.

Daga nan ake samun rigimar ɗakin gwaji. A ɗauki ƙullu kafin zuba enzayim da bayansa, a wanke kowanne da asiton, wani sinadari mai narkar da maiƙo, a busar da abin da ya fito, a auna nauyi. Sai a ga lambobin biyu kusan ɗaya. Na taɓa ganin shugaban aiki ya ɗaga takardar sakamako yana kaɗa ta yana cewa, "Ga shi nan, kuɗinmu kawai muke zubarwa a kwata." Alhali enzayim ɗin ya yi aikinsa tsaf. Asiton ba ya bambance mai jela uku da jelolin da aka yanke, duka yake kwasowa, kuma kusan duk nauyin maiƙon a jelolin yake, gilisarin ɗan kaɗan ne. Gyaran shi ne a daina tambayar yawan maiƙo, a koma tambayar irinsa. Na'urar kuromatogirafi ta gas tana ware su ɗaya bayan ɗaya. Idan mai jela uku ya ragu, asid ɗin maiƙo ya ƙaru, to laifez na aiki. In babu na'urar, a aika samfur inda ake da ita, a kuma riƙa ƙirga abin da ido ke gani: sau nawa takarda ta tsinke a mako, ɗigo nawa a kowane naɗi, sau nawa aka tsaya wanke rola.

Sai batun inda jelolin ke zuwa. A nan ne mutane da yawa ke gudun gara su faɗa gidan zago. Asid ɗin maiƙo idan ya haɗu da kalsiyam sai su zama wani sabulu da ba ya narkewa, irin dattin nan fari-fari da ke maƙalewa a jikin baho idan an yi wanka da ruwa mai gauri. Shi ma yana mannewa. Injin da ruwansa ke da kalsiyam da yawa, ko wanda ake zuba wa farar hodar kalsiyam kabonet don cike takarda, zai iya rabuwa da baƙin danƙo ya wayi gari da fari. Abin ya fi muni a masana'antar da ke juya ruwanta tana sake amfani da shi, domin abin da bai fita tare da takarda ba zagayowa yake yi yana taruwa, har kumfa ta fara tashi a tankuna.

Hanyar fita biyu ce, kuma ba laifi a haɗa su. Ko dai a matse ƙullun a wanke shi bayan enzayim ya gama, a fitar da wani kaso na ruwan daga zagayen, ko kuma a ɗaure jelolin a jikin zaren itace su fita tare da takarda suna ƙanana, ba su kai ga dunƙulewa ba. Alif ya daɗe yana wannan aiki, amma ya fi ƙarfi a ruwa mai ɗan tsami, wajen 4.5 zuwa 5.5 a ma'aunin tsami na pH. Injin da ke gudu a pH 7 ko sama da haka, alif ba zai biya masa buƙata sosai ba, sai a nemi folima, wani sinadari mai cajin da ke janyo asid ɗin, ta liƙa shi a zare. Kuma a kula da jeri: laifez tukuna, a ba shi lokaci, sannan abin ɗaurewa.

Wannan ya kawo mu ga masu gaggawa, waɗanda ranar da suka fara zuba laifez, ranar suke rufe famfon hodar talk da sauran magungunan da suka saba. Laifez ba ya taɓa ƙaro, wato asid ɗin rezin, kuma bai cika iya komai da kaki ba. Waɗannan suna nan. A rage tsofaffin magunguna kaɗan-kaɗan cikin makonni, ana duba inji. Sau da yawa za a iya rage su sosai, amma inji ne zai faɗi iyakar, ba takardar tallan mai sayarwa ba.

Wani kuskuren kuma tun kafin a sayi enzayim ake yin sa: rashin tambayar wane irin ƙullu ake da shi. Ƙullun da aka samu ta niƙa, ko da dutse ko da injin niƙa mai tururi, yana riƙe da kusan duk maiƙon da bishiya ta zo da shi, don ba a dafa shi da sinadari ba. Nan ne gidan laifez. Ƙullun salfayit ma, da ake dafawa cikin tsami, yakan bar mai jela uku da yawa. Amma girkin kiraf daban ne. Ana dafa gutsattsarin itace da soda mai ci da sodiyam salfayid a zafin da ya kai digiri 160 zuwa 170 na ma'aunin Salshiyas, kuma wannan girki da kansa yake yanke jelolin ya mayar da su sabulu. Ana ma kwashe sabulun a yi wani mai da shi da ake kira tal oyil, sunan daga kalmar mutanen Suwidin ta fayin ya fito. To wanda ya zuba laifez a ƙullun kiraf ya kira mahauci ne bayan an gama fiɗa. Danƙon da ke damun masu dafa itacen turare, wato yukaliftus, yawancinsa wani irin maiƙo ne mai suna sitarol da danginsa, waɗanda ke tsallake girkin. Su sai wasu enzayim ɗin daban, kamar sitarol estares, ko lakes haɗe da sinadarin da ke taya shi, wanda masu bincike a Sifen suka yi aiki mai yawa a kansa.

Haka nan masu sake sarrafa tsohuwar takarda. Abin da ke manne musu a inji galibi gam ne na ambulan da lakabi da bayan littafi, ba maiƙon bishiya ba. A ido duk baƙin danƙo ne, amma maganinsu ba ɗaya ba. Danƙon gam, enzayim mai suna estares ake nema masa, kamar Optimyze na kamfanin Buckman, wanda ya sami lambar yabon shugaban Amurka kan sinadarai masu kare muhalli a 2004. A kankaro danƙon daga rola a kai shi gwaji kafin a kira kowane mai sayarwa.

Yanzu a ce ƙullun ya dace. Ina za a zuba? Nan ake kashe enzayim da yawa ba tare da an sani ba. Furotin ne, zafi na dafa shi, kuma in ya dahu ya dahu ke nan, ba ya dawowa ko an huce. Laifez na yau da kullum yakan fara mutuwa idan zafi ya haura wajen digiri 70. Tankin da ke biye da injin niƙa mai tururi kuwa yakan wuce digiri 80. Wurin yana da jan hankali, don akwai motsi kuma ƙullu na daɗewa a ciki, amma in ba irin laifez ɗin da aka ƙera don jure zafi aka saya ba, minti kaɗan zai yi a ciki ya zama ba shi da amfani. A sa ma'aunin zafi a ainihin wurin da bututun ke zuba, a auna dare da rana na 'yan kwanaki, kada a dogara da lambar da ke allon ɗakin sarrafawa, wadda wataƙila daga wani gefen tankin take zuwa.

Masu tsoron zafi kuma sai su gudu can kusa da injin takarda su zuba, inda ƙullu ke wucewa cikin 'yan mintuna. Ba a kashe shi ba, amma ba a bar shi ya yi aiki ba. Yana buƙatar awa guda ko fiye tare da ƙullu. Yana kuma buƙatar motsi, domin a bakin ɗigon maiƙo yake aiki, inda mai ya haɗu da ruwa, sai an gauraya sosai yake samun ɗigon. Zuba shi kafin niƙa ma ɓata ne: mai jela uku a cikin ƙananan ƙwayoyin ajiyar itace yake a kulle, sai niƙa ta fasa su yake fitowa.

Akwai kuma makashin da ba a gani. Ragowar haidirojin feroksayid daga wurin faranta ƙullu, ko kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta a ruwan inji, duk suna lalata enzayim. Yakan faru a ce komai na tafiya daidai, sai wani sashe ya sauya lokacin zuba maganin ƙwayoyin cuta bai gaya wa kowa ba, bayan kwana biyu ɗigo ya dawo, a ɗora wa laifez laifi. A bi bututun ruwa da ƙafa, a san wane ruwa ke shiga tankin da abin da ya ɗebo a hanya.

Yawan abin da za a zuba ma ba lamba ɗaya ba ce ta shekara. Itacen da aka sare jiya ya fi wanda ya yi watanni a ajiye maiƙo, saboda iska da enzayim ɗin da ke cikin itacen da ƙananan halittu suna cinye shi sannu a hankali. Da can ajiyar nan ita ce maganin danƙo, sai dai tana dusashe hasken itace, tana rage nauyinsa, tana kuma cin fili da jari. A ƙasashen sanyi danƙo ya fi tsanani a lokacin hunturu da farkon bazara, domin tarin itace ba ya nuna cikin sanyi. Wanda ya tsayar da ma'auninsa a lokacin zafi zai ga ya gaza da hunturu. Wanda kuma ya tsayar da hunturu zai yi ta ɓarnar kuɗi sauran watanni. A riƙa tambayar masu karɓar itace abin da ke shigowa: wane iri ne, yaushe aka sare, kwana nawa ya yi a fili. Kuma ninka ma'auni ba ya gyara zafin da ya yi yawa ko lokacin da ya yi kaɗan.

Ajiyar enzayim ɗin kansa abu ne mai sauƙi da ake sakaci da shi. A ajiye durom a inuwa mai sanyi, nesa da bututun tururi, a rufe. Kada a sirka shi da ruwa a bar shi kwanaki a tanki, domin ƙwayoyin cuta abinci suke ganinsa. A sirka a kan hanyarsa ta shiga ƙullu, da ruwa mai tsabta marar kulorin.

Idan ya zube a ƙasa, kada a ɗauko tiyo mai ƙarfi a fesa, kada kuma a bar shi ya bushe a share da tsintsiya. Feshinsa da ƙurarsa idan ana shaƙa suna iya jawo asma da ba ta barin mutum. An ga haka a ƙarshen shekarun 1960 a tsakanin ma'aikatan kamfanonin garin sabulu a Ingila, lokacin da aka fara zuba enzayim a cikinsa yana gari. A sa safar hannu da tabarau da abin rufe hanci, a tsane da tsumma, sannan a bi wurin da ruwa a hankali.