Niƙaƙƙen Naman Taco Na Mutum 30

Taco abincin Meziko ne, nama da kayan lambu da ake naɗewa cikin siririyar gurasa mai suna tortilla, amma a gidana nan Jidda ya zama abin da nake fita kunyar baƙi da shi, musamman in 'yan'uwa sun sauko daga Makka bayan Umra.

Kilo 4 na naman sa nake saye. Ki ce wa mahauci ya bar ɗan kitse ya niƙa tare, don jan nama zalla bushewa yake yi.

'Yar'uwa, kada ki juye shi duka a tukunya ɗaya. Na taɓa yin haka, naman ya tsatso ruwa, ya dahu fari fat babu ƙamshi, raina ya ɓaci ƙwarai. Kilo ɗai-ɗai za ki soya a wuta mai ƙarfi, kina farfasa shi da ludayi har ya yi ja, sannan ki tsiyaye man.

Ki soya albasa manya 4 da tafarnuwa, ki mayar da naman duka. Kowane kilo yana son cokali 1 na kammun (kayan ƙamshin da ake kira cumin da Turanci), 2 na garin tattasai, gishiri da barkono daidai bakinki. Kammun ɗin nan shi ne ran girkin, ki ɗan gasa shi kafin ki daka. Zuba tumatirin gwangwani da ruwa kofi 2, ki rage wuta minti 20.

Sai ki juye a kula. In babu tortilla, khubz, wato gurasar Larabawa, ma ya wadatar. Latas, tumatir, cuku da lemun tsami kuwa a jere su gefe, kowa ya naɗe nasa.