Kwal ruwan ƙasa: kurakuran da na gaji da gani

Kusan duk sabon shiga harkar kwal ruwan ƙasa, wato lignait, da kuskure ɗaya yake farawa: sayen ruwa da kuɗin kwal. Wannan kwal ɗin bai gama nuna a ƙasa ba. Na yankin Rhineland a Jamus, fiye da rabin nauyinsa ruwa ne, shi ya sa tashar lantarki ta Neurath take daf da ramin haƙar kwal na Garzweiler, ba a yawo da shi. Kai kuwa ka ɗauko tirela, ka zuba man tafiyar kwana biyu, ruwa kake yi wa dako. Ni kafin in biya sai na auna kilo ɗaya, in farfasa, in shanya kwana uku, in sake ɗorawa a sikeli, in ga yawan ruwan da ya fita.

Kuskuren da ya ƙona ni shi ne tsibi. Shekarar da na fara gasa jan bulo, na sa aka juye tifa huɗu wuri guda, tsibin har ya kusa tsawon katanga. Ina ta murna wai na yi tanadi. Bayan mako uku maigadi ya kira ni da asuba: "Alhaji, kayanka na hayaƙi!" Ba wanda ya kai wuta. Iska ce ke ratsawa, kwal na shan ta yana ɗumama, zafin ya rasa mafita har ya kama daga ciki. Yara suka yi ta kwara ruwa da bokiti, tururi ya turnuƙe, warin farar wuta kamar an ƙyasta ashana dubu, can ƙasa kuwa garwashi ja wur. Da muka baje da shebur, rabi ya zama toka.

Har yau ina ganin masu tsiba shi kamar dalar gyaɗa, wasu ma a jikin ɗakin janareta. Haba! Ni ba na bari ya wuce ƙuguna. Ina daddanne shi, in soka rodi a tsakiya. Kowace safiya in zaro in taɓa, in ya yi ɗumi a baje. Wanda ya fara zuwa shi ke fara shiga wuta.

Ban da ɗan kilon gwaji, kada ka bar shi a rana da sunan busarwa, marmashewa yake ya koma gari. Tokarsa ta fi ta itace yawa, ka san inda za ka zuba tun kafin ka kunna. Kuma kar ka kai wa uwargida ta hura a ɗaki lokacin hunturu.