Yadda Ake Gane Dalilin Ɓoye Shaidar Ciniki a Gwanjon Intanet

A Kantin Kwari ko Ƙofar Wambai, idan baƙo ya zo neman kaya bashi, ba takarda ake tambayarsa ba, wanda ya san shi ake nema, domin bakin mutane shi ne ma'aunin ɗan kasuwa. Da ciniki ya koma intanet, inda mai shago a Farm Centre ko titin Beirut yake taya waya ko kwamfutar da ke ajiye a wani gari na Amurka, sai aka rasa wanda za a tambaya. Wannan giɓi ne ya sa kamfanin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, ya fito da tsarin shaidar ciniki a 1996, wato bayan an gama saye da sayarwa kowane ɓangare ya rubuta yadda ya ga ɗan'uwansa. Yabo yana ƙara maki ɗaya, suka tana rage ɗaya, shaidar tsaka-tsaki kuwa ba ta ƙarawa ba ta ragewa, sannan a tara jimillar a gefen sunan mutum.

Sai dai wani lokaci za ka latsa sunan mutum domin ka karanta abin da aka faɗa a kansa, ka tarar ya rufe. Abin da ya fara zuwa zuciyar yawancinmu shi ne biri ya yi kama da mutum, wanda ba shi da abin kunya ba zai ɓoye ba. Wannan hukunci ya yi gaggawa, kuma yana iya sa ka kori mai saye na gari ko ka saki jiki da wanda bai rufe komai ba alhali macuci ne.

Ka fara da duba abin da aka rufe da abin da aka bari. A eBay, idan mutum ya mayar da shaidarsa ta sirri, kalaman da aka rubuta ne suke ɓoyuwa, amma jimillar makinsa da adadin yabo da suka da ya samu suna nan a fili, haka ma shekarar da ya buɗe asusu da ƙasar da ya yi rajista. Mutumin da ya buɗe asusu shekara goma da suka wuce, yana da maki ɗari huɗu, ya rufe kalamai, ba ɗaya yake da wanda ya buɗe asusu makon jiya yana da maki biyu shi ma ya rufe ba.

Daga nan sai ka tambayi kanka: wannan mai saye ne ko mai sayarwa? A nan ne maganar take da nauyi, domin dokar eBay ta hana wanda ya rufe shaidarsa saka kaya a kasuwa. Saboda haka duk wanda ka gani a can da rufaffiyar shaida, a lokacin saye kawai yake yi, kuma dalilan masu saye galibi ba su da alaƙa da cuta. Na farko shi ne kunya da sirri. Shaidar ciniki tana iya nuna abin da mutum ya saya, kuma magidancin da ya yi odar maganin wata larura, ko matar da ta sayi kayan ɗaki na mata, ko saurayin da ke haɗa lefe a ɓoye, babu wanda yake so abokin da ya san sunan asusunsa ya zauna yana karanta jerin sayayyarsa. Akwai kuma masu tara kaya masu tsada, irin su agogo da tsofaffin kuɗi, waɗanda ba sa son a san abin da ke cikin gidansu.

Dalili na biyu ya fi shafar 'yan kasuwarmu, kuma a ganina shi ne mafi ƙarfi, wato sirrin inda ake saro kaya. Ɗan kasuwar da ya sha wahala kafin ya gano wani mai sayar da wayoyi na hannu masu kyau da araha, idan shaidarsa a buɗe take, maƙwabcin shagonsa zai iya bin sunayen waɗanda suka yaba masa ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga wannan mutumi, ya shiga taya kaya iri ɗaya, farashi ya tashi, riba ta gudu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗan Kwari yake ɓoye sunan kamfanin da ke yi masa atamfa a Chaina ba zai yi mamakin wannan ba.

Akwai kuma waɗanda tsohon rauni ne ya sa suka rufe. Kafin 2008, mai sayarwa yana da ikon sukar mai saye, sai ramuwar gayya ta yi yawa: ka yi ƙorafi a kan kaya mara kyau, shi kuma ya ɓata maka suna ko da ka biya kuɗinka a kan lokaci. A wannan shekarar eBay ya janye wannan iko, ya zama mai sayarwa yabo kaɗai zai iya rubuta wa mai saye, ko ya yi shiru. Sai dai gyaran ya haifar da wata dabara, domin wasu masu sayarwa sukan zaɓi alamar yabo amma su rubuta suka a cikin kalaman, kamar su ce mutumin ya ci gwanjo ya ƙi biya. Dokar kamfanin ta hana haka, amma ana yi, kuma mai sayen da ya tara irin waɗannan kalamai yana da dalilin rufewa. Hana mai sayarwa suka kuma yana nufin cewa yabo ɗari bisa ɗari a asusun mai saye ba ya gaya maka komai, tunda babu hanyar da za a rage masa maki.

Yanzu ga ɓangaren da ya kamata ka yi taka-tsantsan. Rufewa tana ɓoye abin da mutum ya rubuta wa wasu, ba abin da aka rubuta masa kaɗai ba. Akwai mai sayen da sana'arsa ce sukar kowa, ko barazana da suka domin a rage masa kuɗi bayan kaya sun isa hannunsa, kuma da shafinsa a buɗe yake da kallo ɗaya zai tona shi. Sannan akwai asusun da mai kaya yake buɗewa da wani suna, ko ya sa ɗan'uwansa ya buɗe, domin ya riƙa taya kayansa farashi ya hau. Malamanmu sun san wannan tun kafin a yi intanet, shi ne najashu, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai domin wani ya ruɗu, kuma hadisi ingantacce ya hana shi, kamar yadda dokar eBay ma ta hana. Hanyar gane shi ita ce ka buɗe tarihin tayin kayan. Ko da yake ana sakaya sunayen masu tayi, idan ka ga asusu guda mai ƙarancin maki yana ƙara kuɗi kaɗan-kaɗan duk lokacin da ka taya, kuma salon yana maimaituwa a sauran kayan mai sayarwa ɗaya, to ka janye hannunka. Maganin da ya fi sauƙi shi ne ka yanke iyakar kuɗin da za ka biya tun kafin ka shiga, ka haɗa da kuɗin jigila da na kwastan, kada zafin gwanjo ya sa ka wuce ta.

Idan kai ne mai sayarwa kuma mai rufaffiyar shaida ya taya kayanka, kada ka soke tayinsa don wannan kaɗai. Ka aika masa saƙo cikin ladabi ta cikin manhajar eBay, ka tambaye shi wani abu game da adireshi ko lokacin biya, domin yadda ya amsa zai nuna maka abubuwa da dama. Kada ka tura kaya sai kuɗi sun shiga, ka tura da lambar bibiya, ka ajiye hotunan kayan. Idan ya ƙi biya ko ya fara barazana, kana da ikon toshe shi daga sake taya kayanka.

Masu sayarwa fa, tunda an hana su rufewa, ta ina suke bi? Wasu suna amfani da abin da ake kira jerin kaya na sirri, inda ake ɓoye sunan mai saye da abin da ya saya, wanda ya dace ga mai sayar da kayan lafiya ko kaya masu tsada, amma abin tambaya ne ga mai sayar da cajar waya. Wasu kuma sukan tara yabo ta hanyar sayen ƙananan kaya masu arha, sannan su fito da iPhone goma lokaci guda. Saboda haka ka tace shaidar ka karanta wadda aka ba shi a matsayin mai sayarwa kawai, ka fara da suka da tsaka-tsaki, ka duba ko ƙorafi ɗaya ne yake maimaituwa da kuma yadda ya mayar da martani. Ka sani kuma kason yabon da ake nunawa na watanni 12 da suka gabata ne, ba na duk rayuwar asusun ba.

A gida kuwa, inda ciniki ya fi gudana a Facebook da Instagram, babu dokar da ta hana mai kaya kashe sharhi ko goge wanda bai yi masa daɗi ba. Wata mai sayar da turaren wuta ko atamfa takan rufe ne saboda zagi da 'yan damfarar da ke shiga sharhi suna kwaikwayon sunanta, wani kuwa kukan waɗanda ya cinye wa kuɗi yake binnewa. Hotunan saƙonnin godiya da mai kaya yake wallafawa da kansa ba shaida ba ne, domin shi ya zaɓa. Ka nemi lambar shago da layin da yake a kasuwa, ka tura wanda ka sani ya gani da idonsa, ko ku yi yarjejeniyar biya idan kaya sun iso.

Wani abu da 'yan Kano da yawa ba sa lura da shi shi ne, yawancinmu ba kai tsaye ake aiko mana kaya ba, sai an kai su adireshin wani wakili a Amurka ko Ingila, shi kuma ya haɗa su ya turo. Wa'adin kwana 30 da eBay ke bayarwa na ƙorafi yana fara ƙirguwa ne daga ranar da kaya suka isa wancan adireshi, kuma sake tura su wani wuri yana iya zubar da kariyar da eBay ke ba mai saye gaba ɗaya. Don haka ka roƙi wakilin ya buɗe kwalin ranar da ya karɓa, ya kunna wayar, ya turo maka hoto da bidiyo kafin ya ɗora ta a jirgi.