Yadda Ake Zaɓen Sitiyari, Sandar Tuƙi da Feda don Tuƙin Jirgin Sama a Kwamfuta

Matasa da dama a Birnin Kebbi sun fara sha'awar jirgin sama ne daga kallon jiragen alhazai suna tashi daga filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kafin daga baya su gano cewa akwai manhajar da ke zaunar da mutum a kujerar matuƙi yana cikin ɗakinsa. Microsoft Flight Simulator, wadda aka fara fitarwa a 1982 aka kuma sake fitar da sababbi a 2020 da 2024, ita ce ta fi suna. Akwai X-Plane, wadda ta 12 ta fito a ƙarshen 2022, akwai FlightGear da ake samu kyauta, akwai kuma DCS World ta jiragen yaƙi. Duk wanda ya gwada ɗaya daga cikinsu da maɓallan kwamfuta kaɗai ya san inda gizo ke saƙa, domin maɓalli ko dai an danna shi ko ba a danna ba, alhali jirgi so yake a bi da shi sannu a hankali kamar yadda mahayi ke bi da doki da linzami. Wannan ne ke sa mutum neman kayan tuƙi na hannu da na ƙafa, kuma a nan ne kuɗi ke salwanta idan aka sayo abu kafin a san aikinsa.

Mataki na farko: ka san abin da kowane kaya yake motsawa

Motsin jirgi iri uku ne. Yana ɗaga hanci ko ya sunkuyar da shi, kuma faifan da ke kwance a wutsiya ne ke yin wannan. Yana kishingiɗa hagu ko dama, aikin fayafayan da ke bakin fikafikai. Yana kuma karkata hancinsa gefe ba tare da ya kishingiɗa ba, aikin faifan da ke tsaye a wutsiya, kwatankwacin yadda mai kwalekwale a Yawuri ke zama a baya yana juya shi da filafili. Motsi biyu na farko na hannu ne, ko da sanda ko da sitiyarin jirgi, wanda ake murɗawa kamar na mota amma kuma ake jawo shi ƙirji ko a tura shi gaba. Na uku na ƙafa ne, wato feda. Sai totur, wanda ke ƙara wa inji wuta ko ya rage.

Mataki na biyu: ka zaɓi jirgi kafin ka zaɓi kaya

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ginshiƙin sauran. Mutane na ɗauka cewa sitiyari shi ne na manyan matuƙa, sanda kuwa ta wasan yara ce, amma abin ba haka yake ba. Jiragen Boeing da ƙaramin Cessna 172, wanda ɗimbin matuƙan duniya suka koya a kansa, sitiyari gare su. Airbus kuwa, tun daga A320 da ya fara jigilar fasinja a 1988, ƙaramar sanda ce a gefen matuƙi, kyaftin na riƙe da ita da hannun hagu, mataimakinsa da hannun dama. Jiragen yaƙi da masu saukar ungulu su ma da sanda ake tuƙa su. Wanda ke da burin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya kamata ya sani cewa Diamond DA40, ɗaya daga cikin jiragen koyo da ake amfani da su a can, sanda gare shi a tsakanin gwiwoyin matuƙi. Saboda haka ka ɗauki makonni biyu ko uku kana gwada jirage daban-daban a manhajar, ko da da maɓalli ne, har ka ga wanda zuciyarka ke komawa gare shi.

Idan har yanzu ba ka tsayar da magana ba, to sanda za ka saya. Da sanda ana tuƙa Cessna lafiya lau, amma sitiyari ba ya yi wa jirgin yaƙi ko mai saukar ungulu daɗin tuƙi, ga shi kuma kuɗinsa ya ninka na sanda sau da yawa.

Mataki na uku: ka dubi na'urarka da teburinka

Kusan duk waɗannan kaya suna aiki da kwamfuta mai Windows ta hanyar USB. Mai na'urar wasan bidiyo ta Xbox ne ya kamata ya yi hattara, domin ba kowane kaya take karɓa ba sai wanda aka ƙera dominta, irin su T.Flight HOTAS One na Thrustmaster, da VelocityOne Flight na Turtle Beach, da Alpha XPC na Honeycomb. Teburi ma yana da tasa maganar. Sitiyari ana ɗaure shi ne a bakin teburi, kuma duk lokacin da ka jawo shi, teburin kake ja. Teburin roba ko mai siraran ƙafafu ba zai jure ba. Kafinta na unguwa zai iya yi maka na katako mai kauri, mai baki a buɗe ba tare da aljihu a ƙarƙashinsa ba, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na sitiyarin.

Mataki na huɗu: ka tambayi abin da ke cikin sandar

A nan zan ɗan tsawaita, domin yanayin ƙasarmu ya sa wannan batu ya fi mana muhimmanci fiye da mutumin Turai. Hanyoyi biyu ne na'urar ke gane inda ka kai hannunka. Ta farko ita ce wani ɗan ƙarfe da ke gogar zobe a ciki, irin na maɓallin ƙara muryar tsohuwar rediyo. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo ya ji tana ƙara-ƙara saboda datti ya san ciwon wannan hanya: da an sha gugar, ƙura kuma ta shiga, sai saƙon ya fara rawa. Ta biyu tana amfani da maganaɗisu, babu abin da ke taɓa wani, don haka babu abin da zai goge. A jikin kwali za ka ga an rubuta Hall.

Sandata ta farko ta gwanjo ce mai irin hanya ta farko. Ta yi mini aiki da damina ba tare da matsala ba, amma da hunturu ya kankama, lokacin da ƙura ke kwanciya a kan allon kwamfuta tsakanin safe da azahar, sai na fara ganin jirgin yana karkata hagu ni kuwa hannuna yana kan cinyata. Na buɗe ta na share, ta yi sati biyu, ta koma gidan jiya. Tun daga nan nake shawartar duk wanda ya tambaye ni da ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin mai maganaɗisu.

Ga mai farawa, Logitech Extreme 3D Pro ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin sanannu: maɓalli 12, ɗan totur a gindi, kuma ana murɗa ta a madadin feda, sai dai hanyar guga take amfani da ita, kuma don hannun dama aka yi ta. Thrustmaster T.16000M tana da maɓalli 16 da maganaɗisu a motsin gaba da baya da na gefe, ana kuma iya sauya ta ta dace da bahago, amma murɗin nata na guga ne. TCA Sidestick na kamfanin an yi shi ne da siffar sandar A320, ga mai son Airbus. Daga nan sai a hau zuwa irin su Gladiator na VKB. Akwai kuma HOTAS Warthog, wadda aka kwaikwayo daga jirgin yaƙin Amurka A-10C, ta ƙarfe ce mai nauyi, amma ba ta murɗawa ko kaɗan, don haka wanda ya saye ta tilas ya sayi feda. Kowace ka saya, ka ɗinka mata riga ko ka rufe ta da ƙyalle duk lokacin da ka tashi, kada kuma ka bar ta kusa da taga a zafin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Mataki na biyar: feda kafin sitiyari

Idan kuɗi suka sake samuwa, yawanci ido kan sitiyari yake tafiya domin shi ne mai kyan gani. Ni feda nake fifitawa, kuma ga dalili. Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, da zarar an ba shi wuta a titin tashi, hagu yake son nufa saboda juyin farfelar da iskar da take watsa wa wutsiya, sai matuƙi ya taka dama daidai gwargwado ya riƙe shi a kan layin tsakiya. Haka kuma wajen sauka idan iska na bugowa daga gefe, hannu na kishingiɗar da fiffike cikin iskar, ƙafa kuma na miƙe hanci ya fuskanci titi, abu biyu masu saɓa wa juna a lokaci guda. Da murɗin sanda ana iya yi, amma hannu ɗaya ne ke yin aiki uku, kuma da wuya ka murɗa ba tare da ka ɗan ja ko ka ɗan tura ba. Da ƙafa kuwa kowane motsi yana zaman kansa. Ga mai niyyar koyon tuƙi na gaske, wannan sabo na ƙafa ya fi komai amfani daga abin da zai ɗauka daga ɗaki zuwa fili.

Ka nemi feda mai birki a yatsu, inda danna saman kowace feda ke kama tayar wannan ɓangaren, domin haka ake juya ƙaramin jirgi a wuri matsattse. TFRP na Thrustmaster shi ne mai sauƙin kuɗi, sai dai fedojinsa suna kusa da juna, abin da kan takura wa mai faɗin jiki. Na Logitech ya fi shi faɗi, yana kuma da abin ƙara masa tauri ko ragewa. TPR da MFG Crosswind na masu hali ne. Wani abu da ba a faɗa a talla shi ne cewa a kan tayil ko siminti mai santsi feda gudu take yi gaba duk lokacin da aka taka birki. Maganin shi ne a kafa ta a kan falankin katako da ya tokare bango, a kuma zauna a kujera marar tayoyi.

Mataki na shida: sitiyari da totur

Wanda ya tabbatar Cessna ko Boeing ne nasa, to lokacin sitiyari ya yi. Ka fi lura da iyakar murɗinsa da santsin jansa. Na Logitech, wanda asalinsa na kamfanin Saitek ne kafin Logitech ya saye shi a 2016, yana murɗawa digiri 45 kowane gefe, yana kuma zuwa da totur mai hannu uku a kwali ɗaya, abin da ke rage kashe kuɗi. Alpha na Honeycomb yana kai digiri 90 kowane gefe, wanda ya fi kusa da na ainihin jirgi, yana ba da damar yin ƙananan gyare-gyare, amma totur ɗinsa mai suna Bravo daban ake saye. TCA Yoke na Thrustmaster an kwaikwaye shi ne daga Boeing 787, kuma lilo yake yi maimakon ya shige ya fito. Ka tuna sitiyari ba ya da murɗin da zai maye gurbin feda, don haka lissafinsa kullum na abu biyu ne ko uku.

Mataki na bakwai: kada ka biya sai ka gwada

Waɗannan kaya ba kasafai ake samun su a shagunan Birnin Kebbi ba. Yawanci daga Legas ko Abuja ko Kano ake aiko su, ko a yi odarsu daga waje, kuma da yawa na hannu ne. Ka tafi da kwamfutarka idan da hali, ko ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka bidiyo. A Windows, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl, ka buɗe bayanin na'urar. Za ka ga ɗan gicciye a cikin akwati. Ka saki sandar: idan giccin ya tsaya cak a tsakiya, alama ce mai kyau, idan kuwa yana karkarwa ko ya zauna a gefe, ka bar ta. Ka kai ta kusurwoyi huɗu a hankali ka ga ko yana tafiya ba tsalle, ka danna kowane maɓalli, ka duba igiyar tun daga tushe. Ga sitiyari, ka tabbatar maɗaurin teburi na cikin kwalin, domin samun sa shi kaɗai wahala ne. Idan kayan sun kai uku, ka haɗa da mararrabar USB mai wutarta daban, musamman ga mai kwamfutar cinya.

Mataki na takwas: saiti da tashin farko

Bayan ka haɗa, ka shiga saitin manhajar ka duba cewa kowane motsi abu ɗaya kaɗai aka ba shi. Wanda ya ƙara feda ya cire aikin murɗin sanda, in ba haka ba su biyun za su riƙa jayayya a kan wutsiya ɗaya. Ka bar ɗan ƙaramin fili a tsakiya inda ƙaramin motsi ba ya tasiri, ka kuma rage kaifin amsawa kaɗan, domin sandar gida gajeriya ce, ɗan motsinta na zama babba a jirgi. Ka ware maɓalli biyu da babban yatsanka ke kaiwa don daidaita hanci, abin da matuƙa ke kira tirim, domin shi ne ke sa jirgi ya riƙe tsayinsa ba tare da kana ta fama da sanda ba.

Daga nan ka ɗauki Cessna 172 a filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato, wanda lambarsa DNSO ce, ka sa yanayi na safiya marar iska. Ka tura totur a hankali har ƙarshe, ƙafar dama na riƙe da layi, idan ma'aunin gudu ya kai 55 ka ɗan jawo hannu da yatsu kawai, ka bar shi ya hau a kan 75 ko kusa da haka. Kada ka yi nisa a ranar farko: ka zaga filin ka sauka, ka sake tashi, har sau goma, kana gyara saitin abu ɗaya bayan kowace sauka. Ranar da ka sauka sau uku a jere tayar gaba na kan layin tsakiya, sai ka juya kudu maso yamma, ka bi fadamar gulbi ta kan Argungu zuwa Birnin Kebbi.