Idan abokinka ya sha takardar LSD: yadda za ka riƙe shi har ta sake shi

A Yamai mun saba da tramol, mun saba da wiwi da diyazefam. Duk majon da ke kwana a sashen gaggawa yana gane mai su tun daga bakin ƙofa. Takarda kuwa baƙuwa ce. Ƴar mitsitsiya ce, ba ta kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, wani lokaci da zane mai launi a kanta, ana ɗiga mata ruwan LSD, wani sinadari mai juya hankali, a bari ta bushe. Jefi-jefi nake ganin aikinta, yawanci a jikin samari masu tafiye-tafiye ko masu sayayya ta intanet. Saboda rashin sabo, in ta kama mutum sai na kusa da shi su ruɗe su yi duk abin da bai kamata ba. Doka ta hana ta, ni ma ban ce kowa ya kusance ta ba. Amma aikina jinya ne, kuma in an riga an sha, sai a san yadda za a yi da mutum.

Abu na farko, duba agogo. Tambaye shi ƙarfe nawa ya sa ta a baki, guda nawa, da me ya haɗa ta, ka rubuta a wayarka tun yana iya ba ka amsa. LSD ba ta kamu nan take. Takan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya da rabi kafin ta fara, ta yi tsanani tsakanin awa ta 2 da ta 4, ba ta sauka sai bayan awa 8 zuwa 12. Wanda ya sha bayan isha'i ba zai dawo hayyacinsa sosai ba sai asuba, wani ma sai hantsi. To ka san kwana za ka yi a kansa. A wannan jiran na farko ne wasu ke cewa ba ta aiki, su ƙara ta biyu. Kada ka bari.

Ƙarfinta ya wuce yadda mutane ke zato. Albert Hofmann ne ya haɗa ta a 1938 a kamfanin Sandoz da ke Basel ta ƙasar Suwizalan, daga sinadarin wata cuta da ke kama hatsin Turai, bai san abin da take yi wa hankali ba sai a watan Afrilun 1943. Mikrogiram 250 ya gwada, yana ganin ɗan kaɗan ne, ya kwana yana zaton mutuwa zai yi. Mikrogiram 100 ya isa ya juya mutum, kuma ƙwayar farasitamol ɗaya mai miligiram 500 ta fi wannan nauyi sau 5000. A cikin ƙwaƙwalwa tana kama wurin da serotonin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, ke zama, musamman wanda likitoci ke kira 5-HT2A, wanda ya yi yawa a sassan da ke tace gani da tunani. In ta shiga wurin sai ta maƙale, ba ta saurin fita, shi ya sa take daɗewa. Tacewar ce ke lalacewa: launi ya ƙara haske, bango ya riƙa motsi, minti biyar ya zama masa kamar yini, wani ya ji kamar shi ba shi ba ne. A jiki za ka ga baƙin idonsa ya buɗe sosai, zuciya na sauri, ga gumi ko tsuma, wani lokaci tashin zuciya.

Yanzu babban aikinka shi ne ka raba tsoro da ciwo. Tsoro kai za ka iya da shi. Ciwo na asibiti ne.

In tsoro ne, yana magana, ya san ka ko da sama-sama, sai dai yana kuka ko yana cewa ya haukace ko zai mutu. Fitar da shi daga fada, nesa da kiɗa da dariyar samari, ka kai shi ɗaki mai iska da ɗan haske. Mutum ɗaya ko biyu da ya yarda da su sun isa. Zauna ƙasa daidai da shi, kada ka tsaya a kansa. Yi magana a hankali, gajeru, ka yi ta maimaitawa ba gajiya: «Abokina, ni ne. Muna ɗakina. Abin da ka sha ne ke aiki, zai wuce, ina nan.» Kada ka yi gardama da abin da yake gani, kada kuma ka biye masa. An taɓa kawo mini wani saurayi ya ƙanƙame ƙafafunsa a kan benci, wai tayil ɗin ƙasa numfashi yake yi, in ya taka zai nutse. Ban ce masa ƙarya ba ne. Na sa tafin hannuna a ƙasa na bar shi yana kallo, can ya sauke ƙafa ɗaya, ya daɗe kafin ya sauke ta biyu. Mahaifinsa ya ja ni gefe: «Majo, don Allah gaya mini gaskiya, shi ke nan ya taɓu?» Na ce, «Alhaji, a yi haƙuri gari ya waye, sannan mu yi wannan maganar.»

Da wuya LSD ita kaɗai ta kashe mutum ta hanyar guba. Abin da ke kashewa shi ne inda mutum ya sa ƙafarsa alhali ba ya auna nisa da tsawo daidai. Karɓe makullin babur. Kada ya hau rufin bene, ko da can aka saba kwana lokacin zafi. Bakin kogi da gadar Kennedy da babban titi, ko kusa. Kwashe wuƙa da kurfot mai garwashi daga gabansa, kuma in zai shiga ban ɗaki kada ya sa sakata.

Akwai abubuwan da mutanenmu ke yi da kyakkyawar niyya, suna ƙara dagula lamarin. Ɗura madara ko man ja ba ya karya komai, sai dai ya shaƙe shi. Mari da ɗauri da danne shi ƙasa suna mai da tsoro ya zama kokawa, kokawa kuma tana ƙara zafin jiki. In iyaye sun ce iska ce, ban hana addu'a ba, karatu a hankali ma yana kwantar da wasu. Hayaƙi da tsawa a kunne ne nake roƙo a bari. Kada a ba shi wiwi wai don ya natsu, tana tayar da abin sabo. Tramol kuwa ita na fi tsoro, domin ita kanta tana jawo farfaɗiya kuma tana taɓa serotonin, haɗa su ganganci ne. Haka mai shan maganin lithium na ciwon taɓin hankali: in ya sha takarda, a wuce asibiti kai tsaye ko da lafiya lau ya ke a ido. Ruwa dai a ba shi, kurɓi-kurɓi, in yana iya riƙe kofi da kansa.

Sai maganar da ta fi damuna. Ba wanda ya san abin da ke kan takardar, har wanda ya sayar. Tun wajen 2010 ake sayar da wasu sinadarai da sunan LSD, ana kiran su NBOMe. Wani mai bincike, Ralf Heim, ya haɗa 25I-NBOMe a 2003 a Berlin ta Jamus. Su ma 5-HT2A suke kamawa, amma suna matse jijiyoyin jini, suna tayar da zafin jiki, kuma sun kashe matasa a Amurka da Turai da Ostareliya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa uku daga cikinsu a jerin haramtattu a 2015. LSD kusan ba ta da ɗanɗano. NBOMe na da ɗaci kamar an lashi ƙarfe, tana kashe harshe da dasashi. In ya ce maka da ɗaci kuma tana bakinsa, ya tofar, ya kurkure baki. In ta riga ta wuce, ka ƙara sa ido, kada ka matsa ko nan da can.

Ga alamun da in ka ga ko ɗaya, zaman ɗaki ya ƙare: jiki ya yi zafi rau, ko ma'aunin zafin jiki ya wuce digiri 39, jijjiga ko farfaɗiya, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, yatsu sun yi sanyi sun sauya launi, jiki ya sandare, fitsari ya yi duhu kamar shayin farko, alamar nama na narkewa yana toshe ƙoda, ko ya daina gane kowa yana faɗa da duk wanda ya matso. Kira lambar gaggawa, 15 ko 18. In za ku kai shi da kanku, ku nemi taksi, kada a goya shi a kabu-kabu. Kafin nan a rage masa tufafi, a jiƙa zane a shafa wuya da hammata, a yi ta fifita, balle a Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke haura digiri 40. In yana jijjiga, a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa masa cokali a baki. In ta lafa a kwantar da shi ta gefe ɗaya.

A asibiti ku faɗi gaskiya. Ba mu da allurar da ke karya LSD ko NBOMe. Abin da muke yi shi ne mu kwantar da shi da magani irin su diyazefam bisa awo, mu sanyaya jiki, mu sa ƙarin ruwa, mu lura da zuciya da ƙoda. Gwajin fitsarin da aka saba yi ba ya nuna su. In abokai suka ce masassara ce kawai, sai mu ɓata lokaci muna neman zazzaɓin sauro da sanƙarau, alhali kalma ɗaya da lokacin da ka rubuta a waya sun isa su daidaita mana hanya.

Washegari zai tashi a gajiye, a bar shi ya ci abinci ya yi barci, faɗa ya jira. LSD ba ta sa jiki ciwon nema irin na tramol, amma tana iya barin baya da ƙura. Wasu sukan ci gaba da ganin walƙiya ko sawun haske a bayan abin da ke motsi har makonni ko watanni. Wanda kuma ake da taɓin hankali a danginsu, sha ɗaya na iya tayar masa da ciwon da ke kwance. In an kwana biyu ba ya barci, ko yana jin muryoyi, ko yana zargin ana bin sa, ko yana maganar kashe kansa, a kai shi sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wanda ƴan Yamai ke kira Pavillon E, kuma wanda ya kwana da shi daren ya raka shi, don shi ne zai iya ba likita labarin yadda aka fara.