Yadda ake tattara tarihin kulob ɗin zari-ruga na ƙaramin gari

A fara da tsofaffin 'yan wasa, kafin a taɓa ko takarda ɗaya. Takarda tana iya jira, amma dattijon da ya buga wasa a shekarun 1960 ba shi da wannan tabbas. A same shi a gida da na'urar ɗaukar murya, kada hirar ta wuce awa guda, a kuma riƙe hoto a hannu. Idan aka ce masa "ba mu tarihin kulob" zai kawo labarin da kowa ya sani. Idan kuwa aka ajiye masa hoton 'yan wasa goma sha biyar aka ce wane ne na uku daga hagu, sai sunaye da laƙabi su fito, har da wanda yake tuƙa motar zuwa wasan waje. A nemi matan da suke dafa abincin bayan wasa da mai gyaran fili, domin galibi sun fi kyaftin sanin abin da ya gudana.

Daga nan sai takardun kulob: littafin bayanan taron kwamiti, littafin ma'aji, katin jadawalin wasanni na kowace kaka, da wasiƙu. A kulob ɗin 'yan sa-kai, inda ba a biyan kowa albashi, ba kasafai ake samunsu wuri guda ba. Suna warwatse a gidajen tsofaffin sakatarori, wani lokaci a hannun magada waɗanda ba su san darajarsu ba.

Littafin ma'aji shi ne wanda aka fi rainawa, alhali a cikinsa gaskiyar take. Misali mafi kyau shi ne Melrose, wani ɗan gari a kudancin Sikotland kusa da iyakar Ingila. An kafa kulob ɗinsa a 1877, kuma zuwa 1883 aljihunsa ya yi ƙasa. Wani mahauci mai suna Ned Haig ya ba da shawarar a shirya gasa ta yini ɗaya don tara kuɗi. Da yake ba zai yiwu a buga cikakkun wasanni da yawa a yamma guda ba, sai aka rage 'yan wasa zuwa bakwai-bakwai, aka kuma taƙaita lokaci. A filinsu na Greenyards aka yi gasar, kuma daga nan zari-rugar 'yan bakwai ta samo asali, wadda ta shiga gasar Olamfik a Riyo a 2016. Kofin duniya na wannan nau'in ma sunan Melrose yake ɗauke da shi. Wanda ya tsaya ga sakamakon wasanni kawai ba zai taɓa gane cewa rashin kuɗi ne ya haifi wannan duka ba. Saboda haka a duba kuɗin hayar fili, kuɗin shiga kallo, da shekarun da 'yan kulob suka kasa biyan kuɗin rajista.

Tsofaffin jaridun yankin su ne mataki na gaba, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. A ƙarni na 19 jaridun Birtaniya sukan kira zari-ruga da sunan da ake kiran ƙwallon ƙafa da shi a yau, kulob da dama ma da wannan sunan aka kafa su. Sai an karanta bayanin wasan kafin a san wanne ake nufi. Idan garin a arewacin Ingila yake, a tabbatar wane ɓangare kulob ɗin ya bi bayan rabuwar 1895, lokacin da wasu suka ɓalle a kan batun biyan 'yan wasa diyyar ranar aikin da suka rasa. Maki ma sun sauya. A ɓangaren da bai ɓalle ba, dangwala ƙwallo a bayan layin abokan hamayya maki 3 ne na tsawon shekaru, ya koma 4 a 1971, sannan 5 a 1992. Duk wanda ya kwatanta gwanin 1965 da na yau ta yawan maki ya zalunci na farkon. A ƙirga sau nawa kowa ya dangwala.

Shekarar kafuwa kan jawo gardama, domin ranar taron farko daban, ranar wasan farko daban, ranar rajista da hukumar ƙasa daban. A rubuta duka ukun, kowace da shaidarta. Giɓin da za a gani daga 1914 zuwa 1918, da kuma 1939 zuwa 1945, na yaƙin duniya ne. A nemi sunayen 'yan wasan da ba su dawo ba a allon tunawa na garin.

Wajen adanawa, a ɗauki kowane hoto da na'urar sikanin a ƙarfin dpi 600 (wato ɗigo 600 a kowane inci na hoton), a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gida daban. A cire ƙarafunan maƙale takarda saboda tsatsa. Kada a manna salatif, kada kuma a yi laminatin, domin zafi da gam suna lalata takarda kuma ba a iya warwarewa. Sunaye a rubuta su da fensir mai laushi a bayan hoto, ban da biro. Ɗakin canza kaya na kulob yana da danshi, funfuna za ta cinye littattafan, don haka ainihin takardun a miƙa su ga ma'ajiyar tarihi ta yankin, bisa rubutacciyar yarjejeniyar cewa mallakar kulob ce.