Yadda za ka zana mutum irin na Misirawan dā

Kafin ka ɗauki fensir, ka riƙe abu guda: mai zanen Masar ta dā yana zana abin da ya san yana jikin mutum ne, ko da ido ba zai iya ganinsa duka a lokaci ɗaya ba. A imaninsu, hoton bangon kabari jiki ne da mamaci zai ci gaba da amfani da shi, don haka kowace gaɓa sai an nuna ta ta inda ta fi bayyana.

Fara da raga. Ja layuka a tsaye da a kwance, ka ƙirga murabba'i 18 daga tafin ƙafa zuwa inda gashi ya fara a goshi. Su Misirawan zare suke tsomawa a jan launi, a ja shi ya yi tsauri, a ɗaga a saki, ya bugi bango ya bar layi. A kabarin Fir'auna Horemheb da ke Kwarin Sarakuna, wanda ba a kammala aikinsa ba, har yau ana ganin zanen farko da ja, da gyaran babban gwani da baƙi a kansa. Ni kam babu bangon da nake yawan komawa in kalli hotunansa kamar wannan, domin a nan ake ganin hannun mutum yana kuskure ana gyara masa.

Sa gwiwa a layi na 6, ƙasan ɗuwawu a na 9, gwiwar hannu wajen na 12, mahaɗar wuya da kafaɗa a na 16.

Yanzu wurin da aikin yake. Zana kai ta gefe, hanci da leɓe su fito sosai, amma ido ka yi shi cikakke kamar yana kallonka. Kafaɗu su fuskanto ka gaba ɗaya, ƙugu ya ɗan juya, ƙafafu su koma gefe, ta hagu a gaba. A yawancin tsofaffin zane-zane ma, ƙafafun biyu duk babban yatsa suke nunawa. A gwajina na farko hannuna ya ƙi yarda, na yi rabin ido yadda na saba. Nan take fuskar ta mutu. Da na goge na sa dogon ido da layin kwalli har kusa da kunne, sai mutumin ya tashi.

Idan za ka ƙara mutane, girman kowa matsayinsa ne. A allon dutsen Sarki Narmer, na wajen shekara ta 3100 kafin Miladiyya, sarki ya ninka mai riƙe masa takalmi nesa ba kusa ba. A zanen kabarin wani ma'aikaci mai suna Nebamun da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, maigida na farautar tsuntsaye cikin fadama, matarsa a bayansa ba ta kai shi ba, 'yarsa kuwa tana zaune ƙarƙashin ƙafafunsa ta riƙe masa ƙwauri.

Launi kada ka zaɓa da son zuciya. Namiji ja mai duhu, mace rawaya-rawaya. Kore na tsiro da sabuwar rayuwa ne, shi ya sa ake yi wa Osiris, abin bautarsu na lahira, koriyar fuska. Baƙi na ƙasar noma ne da Kogin Nilu ke bari, wadda daga gare ta suka kira ƙasarsu Kemet. Shimfiɗa launin bai ɗaya, ban da inuwa.

Ma'aunin ya sauya da zamani. Wajen 1350 kafin Miladiyya, a birnin Amarna, masu zanen Fir'auna Akhenaten sun tsawaita fuska da wuya, suka saki tumbi. A daula ta 25 ta sarakunan Masar kuma raga ta koma murabba'i 21 zuwa fatar ido ta sama. Shawarata ka zauna a kan 18 sai hannunka ya faɗa. Idan launi ya bushe, ka bi gefen jikin da siririn layi mai duhu, sannan ka goge ragar.